Kumburin Furostet da Matsalolin da Yake Jawowa

Furostet wata 'yar tsoka ce a jikin namiji, girmanta bai wuce na ƙwayar goro ba. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar da fitsari ke bi ya fita. Da shekaru sun ja sai ta fara girma: kusan rabin mazan da suka kai 60 suna da wannan kumburi, bayan 80 kuwa 'yan kaɗan ne ke tsira. Ba sankara ba ce, ba ta kuma rikiɗewa ta zama sankara. Illarta matse hanya.

Farkon abin, fitsari ke fita da ƙyar, yana tsinkewa, mutum ya yi ta tashi cikin dare, ɗigo kuma ya hana shi riƙe alwala. Sai wata rana fitsarin ya ɗaure gaba ɗaya, mara ta cika tam, ciwo ya hana zama. Wasu magungunan mura, barasa da taurin bayan gida kan tunzura wannan. Maganin gaggawa shi ne a sa roba a asibiti a zuƙe fitsarin.

Matsalar da ta fi haɗari ita ce wadda ba ta da zafi. Mafitsara takan gaji da turawa, ta daina juye abin da ke cikinta duka. Ragowar da ke kwanciya ta zama mazaunin ƙwayoyin cuta, tsakuwa ta taru, wani lokaci a ga jini. In an daɗe a haka, fitsari ya riƙa danna baya har ƙoda su kumbura su raunana, mai shi kuwa yana cewa tsufa ne kawai. Wasu sai an kai ga wankin ƙoda ake gano tushen. Yawan yunƙuri ma kan haddasa ƙaba da basir.

Akwai kuma kumburin da ƙwayoyin cuta ke kawowa, wanda ba ya barin matasa. Yakan zo da zazzaɓi da raɗaɗin fitsari, in an yi sakaci ya tara mugunya ko ya shiga jini.

Ga kumburin da shekaru ke kawowa, likitoci kan ba da tamsulosin don sassauta hanya, ko finasteride mai rage girman tsokar, amma shi sai ya ɗauki kamar wata 6 kafin a ga aikinsa. Idan an riga an samu tsakuwa, ko ƙoda ta taɓu, ko fitsari na yawan ɗaurewa, tiyata ake yi, galibi ta hanyar fitsari ba tare da yanka ciki ba.