Taliya iri-iri: kowace siffa da tukunyar da ta dace da ita

Duk wanda ya tsaya layin waakye da safe a Nima ko Maamobi ya san taliya ta zama 'yar gida. Ana zuba ta a gefen shinkafa da wake, a sa gari da shito da ƙwai. Amma a kanti za ka ga wata doguwa, wata gajeriya mai rami, wata murɗaɗɗiya, da yawa kuma suna ɗauka ado ne kawai. Siffar taliya ita ke nuna irin miyar da za ta riƙe da tsawon lokacin da za ta jure bayan an sauke. Wanda bai san wannan ba yakan yi asarar kuɗi, musamman a girkin suna, ko biki, ko buɗa-baki a masallaci.

Abincin nan ba baƙo ba ne a ƙasashen Musulmi. A shekarar 1154 malamin nan na ilimin taswira, Al-Idrisi, ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a tsibirin Sisili. A ciki ya ambaci garin Trabia, inda ake yin wani abinci na alkama mai kama da zare, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Larabawa suna kiransa itriya. A ƙasar Hausa ma akwai taliyar murji, wadda mata ke murzawa daga kwaɓin alkama, a shanya ta bushe, a ci da manja da yaji. Ta kanti kuwa, mafi kyawunta ita ce wadda aka yi da alkama mai tauri da ake kira durum, domin ba ta saurin caɓewa. A Italiya tun 1967 doka ta wajabta a yi busasshiyar taliyar cin gida da wannan alkama.

Kashi na farko shi ne doguwa. Sifageti, wato taliyar waakye, santsi gare ta, don haka ta fi son mai da miya marar kauri wadda za ta shafe kowane zare, kamar miyar tumatir ko shito. Takan nuna cikin minti 8 zuwa 12, gwargwadon kaurinta. Aibinta shi ne idan ta jima a ajiye sai ta manne da juna. Saboda haka masu sayar da waakye suke tace ta da wuri, su shafa mata mai ko su juya ta cikin miya. Ƙanwarta ita ce sha'ariya, siririya kamar gashi, daga nan ma Larabawa suka ba ta suna. Ita minti kaɗan take buƙata. A Masar da Sham ana soya ta har ta yi ja, sannan a dafa ta tare da shinkafa.

Kashi na biyu shi ne gajeriya mai rami. Makaroni mai lanƙwasa da penne, wadda aka yanke bakinta a karkace kamar fiƙen alƙalami, suna cikin wannan. Miya tana shiga ramin, niƙaƙƙen nama da wake suna maƙalewa a ciki. Sun fi doguwar jure zafi da juyi, shi ya sa su ne na dafa-duka da girkin taro. Ɗaliban da suka zauna a Alƙahira sun san koshari: shinkafa da adas da makaroni, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. Idan za a dafa wa mutum ɗari, a ɗauki abincin daga gida zuwa masallaci ya jira magariba, makaroni zai isa da siffarsa, sifageti kuwa sai ta dunƙule.

Kashi na uku shi ne masu lungu da saƙo. Akwai fusilli mai murɗi kamar igiya, da farfalle mai siffar malam-buɗe-littafi, da wata mai kama da ƙwaryar dodon-koɗi. Waɗannan lungunan suna kama miya mai kauri da yankakken ganye, kuma suna da daɗi ko sun huce, don haka sun dace da haɗin kabeji da karas da kifin gwangwani, ko abincin da yara za su tafi da shi makaranta.

Kashi na huɗu shi ne ƙanana, masu kama da ƙwayar shinkafa. Misirawa suna ce wa irin wannan lisanul usfur, wato harshen tsuntsu. Wurinsu romo ne, suna da sauƙin haɗiya ga tsoho da marar lafiya da mai buɗa-baki.

Taliyar gaggawa, irin su Indomie, dabam take. Wani mutumin Japan mai suna Momofuku Ando ne ya fito da irinta a 1958. An riga an turara ta, an soya a mai, an busar, shi ya sa minti 3 ke isarta. Sai dai ƙullin ɗanɗanon da ke ciki gishiri ne mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini. Mai hawan jini ya rage ƙullin, ya ƙara ganye da ƙwai.

Game da awo, babban mutum yana ƙoshi da giram 80 zuwa 100 na busasshiya idan ita ce abincin. Ke nan leda ɗaya mai giram 500 za ta ciyar da mutum 5 ko 6, idan kuma rakiya take yi wa waakye ta fi haka nesa. A bari ruwa ya tafasa sosai kafin a zuba, ruwan ya yi yawa, a juya a mintin farko. Wadda za a sake juyawa a miya a sauke ta da sauran ɗan tauri, domin za ta ƙarasa nuna a can. Kada a haɗa siffa biyu a tukunya ɗaya, ɗaya za ta caɓe kafin ɗayar ta nuna.

Taliya zalla alkama ce da ruwa, wani lokaci da ƙwai, babu abin shakka a ciki. Inda ake lura shi ne mai cushe da kuma miyar da ta zo a haɗe. Tortellini na garin Bolonya bisa al'ada da naman alade ake cusa ta, haka ma girkin da ake kira carbonara. Ɗalibanmu da ke Turai su karanta jikin leda, su tambaya kafin su ci.

A tuna kuma, Gana ba ta noma alkamar da take ci, ta jirgin ruwa ake shigo da ita, saboda haka duk lokacin da sidi ya faɗi sai kuɗin leda ya hau. Taliyar da aka zubar don ta caɓe ko ta yi yawa almubazzaranci ne, kuma addini ya hana. A ƙidaya masu ci, a zaɓi siffar da ta dace, sannan a ɗora tukunya. Allah Ya sa albarka a abin da Ya azurta mu da shi.