Hoto Kamar Ɗinkin Hula Ne

Mai sayen hular Zanna Bukar ba daga nesa yake yi mata kuɗi ba. Ɗaukarta yake yi, ya juya ta a tafin hannu, ya kusanto da ita ido don ya ga yadda sukar allura ta jeru, ƙanana ƙanana, babu rata. Hoton waya ma da irin wannan ɗinki aka haɗa shi, sai dai sukar allurarsa ɗigo ne na launi da ake kira fiksel. Waya mai kyamarar megafiksel 12 tana jera ɗigo 4000 a kwance, 3000 a tsaye. Iyakar zaren da hoton ya zo da shi ke nan.

Masu buga hoto suna son ɗigo 300 a kowane inci idan abin riƙewa a hannu ne, kamar kundin hotunan biki. A wannan ma'auni hoton nan zai kai inci 13 da 10 garau. Idan aka ce a mai da shi babban allo mai faɗin mita 2, kowane inci ɗigo 50 kawai zai samu. Tamkar a ce wa mai ɗinki ya baza adon hular yaro a kan hular ƙaton mutum ba tare da ya ƙara suka ko ɗaya ba. Dole ado ya yi gwari-gwari, gefen fuska ya fito da haƙora kamar zarto.

Amma fa hular da ba za ta ci jarrabawar hannu ba tana iya yin kyau a kan mutum daga ƙetaren titi. Shi ya sa manyan allunan talla na bakin hanya ake buga su da ɗigo kaɗan a inci, kuma ba mai lura. Don haka kafin a tambayi girma, a fara tambayar daga ina za a kalla. Hoton bangon falo, wanda baƙo zai tsaya a gabansa da taku biyu, ɗigo 150 sun wadatar da shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin hotuna tun a hanya suke lalacewa. Amarya ta tura wa ƙawarta ta WhatsApp, ƙawa ta tura wa yayan ango, shi kuma ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya kai shago. WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa ɗigo, amma ba ya taɓa shi idan an tura shi a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takarda. Da allon ya fito dishi-dishi sai a ɗora wa mai bugawa laifi, alhali ragowar zare aka miƙa masa.

Akwai manhajojin da ke cike gibi. A 2021 kamfanin Adobe ya fito da Super Resolution, wanda ke ninka tsawo da faɗi, ɗigo su ninku sau huɗu. Akwai kuma Gigapixel na kamfanin Topaz. Aikinsu irin na gwanin mai ɗinki ne da ya ga huluna ba adadi, ya dubi inda aka bar rata ya cike da abin da ya saba gani. A kan ganye, bango ko shadda, aikin yana burgewa. A fuska kuwa ina jin tsoronsa, musamman tsohon hoton mahaifi da ya rasu, domin manhaja na iya goge tsagar gado ta ɗauka tabo ne, ko ta sauya yanayin ido har 'ya'yansa su ce wannan ba Baba ba ne.

Kafin a biya kuɗin babban allo, a roƙi mai shago ya yanko wajen fuska kaɗai ya buga a ƙaramar takarda da ainihin girman da za ta fito. A manna ta a bango, a ja da baya zuwa inda masu kallo za su tsaya, sannan a yanke shawara.