Eriyar Lantarki a Tsofaffin Motoci: Aikinta da Hanyar Gyaranta a Ɗanbatta

Duk wanda ya saba zuwa kasuwar Ɗanbatta, a kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, ba zai rasa ganin tsohuwar Fijo ko Marsandi jefi-jefi ba, ko dai tana ɗaukar kaya, ko kuwa tana ajiye a ƙofar gidan wani dattijo da ya ƙi rabuwa da ita. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ita kuwa Mercedes-Benz samfurin W123 an ƙera ta ne daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980. A irin wannan Marsandi aka fi samun eriya mai tashi da kanta, watau wadda takan miƙe idan an kunna rediyo, ta koma kube idan an kashe. Kamfanin Hirschmann na Jamus ya ƙera da yawa daga cikinsu. A wannan taƙaitaccen bayani za a duba yadda take aiki, da abin da ke kashe ta, da kuma yadda ake tayar da ita.

Kalmar eriya ararriya ce daga Ingilishi, kamar sufana da noti da giris, kuma bakin bakanike ya sarrafa ta har ta zauna daram cikin tsarin sautin Hausa. Wannan fage ne da ɗaliban nazarin harshe ba su cika waiwaya ba, alhali kuwa gareji cike yake da kalmomi.

A waje, abin da ido ke gani sanda ce ta ƙarfe mai gaɓoɓi, kowace gaɓa tana shigewa cikin 'yar'uwarta. Asirin yana ƙasa, cikin wani ɗan akwati da aka ɓoye a jikin mota, galibi ta cikin but ake isa gare shi. A ciki akwai ƙaramin injin lantarki mai cin wutar batir, yana juya wata giya, giyar kuma tana tura wata doguwar igiyar roba, wadda a yawancin samfura take da haƙora a gefe guda. Kan igiyar a manne yake da gaɓar da ta fi siranta. Idan inji ya juya gaba, igiya ta tura sanda sama. Idan ya juya baya, igiya ta naɗe cikin wata 'yar ganga, ta jawo sanda ƙasa. Rediyon ne ke ba da umarni ta wata siririyar waya.

Tsawon sandar ba ado ba ne. Tashoshin FM suna watsa shirye-shiryensu tsakanin mita 88 da 108, kamar yadda masu sanarwa kan faɗa, kuma eriyar da ta fi dacewa da su ita ce mai tsawon wajen santimita 75. Saboda haka eriyar da ta maƙale a rabi takan hana mai mota a ƙauyukan Ɗanbatta jin tashoshin birnin Kano sosai, sai shuu da katsewa.

Babban abokin gabar wannan na'ura a ƙasar Hausa shi ne ƙura. Da hunturu, hazo yakan kwanta a jikin sanda, duk sa'ad da ta sauka sai ta shige da shi ciki, ya gauraye da tsohon giris ya zama kamar yumɓu. Inji ya yi ta turawa, sanda ta ƙi, igiyar roba kuwa, wadda zafin bazara na shekaru ya riga ya busar, sai ta tsinke ko haƙoranta su zube. Da damina kuma ruwa yakan bi sanda ya gangara. Akwai ɗan bututu a gindin akwatin da aka yi domin ya fitar da shi, in ya toshe sai tsatsa ta kama. Ga kuma yara masu lilo da ita, da rassan darbejiya.

Kunne shi ne farkon kayan aikin mai gyara. Idan an kunna rediyo aka ji inji yana gunji amma sanda ba ta motsa ba, to igiya ce. Idan kuwa shiru aka ji, sai a fara duba fis da wayoyi kafin a ɗora wa inji laifi. Kada a bar injin da ke gunji ba tsayawa ya kwana a haka, domin zai shanye batir. A zare masa waya.

Sauya igiya aikin mutum biyu ne. Da farko a kwance notin da ya riƙe gindin sanda a jikin mota, a sa tsumma don kada a karce fenti. Ɗaya ya kunna rediyo, ɗaya ya riƙe sanda yana ja a hankali har ta fito da wutsiyarta. A nan ne ake bukatar natsuwa: a lura da ɓangaren da haƙoran suke fuskanta, kuma a gwada tsawon tsohuwar igiya da sabuwa. In tsohuwar ta gaza, guntunta yana cikin ganga, kuma tilas a sauko da akwatin gaba ɗaya, bayan an cire kan batir, a buɗe, a tsince guntaye, a wanke busasshen giris da kananzir, a shafa sabo kaɗan. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, su cusa sabuwar igiya a kan guntun tsohuwa, kafin sati ta sake tsinkewa, wani lokaci har da giyar, wadda samunta ya fi na igiya wuya nesa ba kusa ba. Bayan an mayar da akwati, sai a kunna rediyo inji ya gama juyinsa, a zura sabuwar igiya haƙoranta suna duban inda na tsohuwar suka duba, sa'an nan a kashe. Inji zai kama ta ya haɗiye. A ɗaure noti, a kunna a kashe sau uku ko huɗu har sanda ta daidaita.

Sabuwar sanda ba kasafai ake samunta a Ɗanbatta ba. Sai an nufi Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake kwance matattun motoci, kuma ya kamata mai nema ya tafi da tsohuwar a hannu, domin kaurin igiya da girman haƙora sun bambanta. Sandar da ta lanƙwashe kuwa ba ta miƙuwa yadda za ta riƙa shiga da fita, kome ƙwarewar maƙeri.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, watau shafa wa sanda baƙin mai don ta yi santsi. Kuskure ne, gama mai yana kiran ƙura. Abin da take so shi ne a miƙar da ita, a goge da tsumma mai tsabta, ko da sau ɗaya a sati tun daga shigowar hunturu har faɗuwar ruwan farko.