Ruwan da ke fita daga rauni: Wanne ne na warkewa, wanne ne na haɗari?

 

A yini ɗaya mutum biyu suka same ni a kantin maganin da nake aiki a nan Legas, kowa da maganar rauni. Na farko wani magidanci ne riƙe da hannun ɗansa mai shekara 7, wanda ya faɗi a kan kwalta wajen ƙwallo, gwiwarsa ta ƙuje. Hankalin uban a tashe yake, domin kwana biyu ke nan wurin yana fitar da wani ruwa. "Malama, ciwon nan ya fara ruɓewa, a taimaka a yi masa allura," in ji shi. Na duba. Ruwa ne garai-garai mai ɗan launin ɗorawa, babu wari, babu kumburi, yaron ma tsalle-tsallensa yake yi. Na nuna masa yadda zai riƙa wankewa yana rufewa, suka tafi ba allura.

Da yamma sai ga wata dattijuwa, hankalinta kwance. Kafso take so, mai ja da ruwan ɗorawa, ta ce za ta buɗe ta barbaɗa a ɗinkin 'yarta da aka yi wa aiki aka ciro jariri kwana 6 da suka wuce.

"Hajiya, yaya ruwan da ke fita yake?"

"Ɗan kaɗan ne, 'yar nan. Ya dai yi kauri kamar kunu."

"Yana wari? Jikinta yana zafi?"

"Akwai ɗan wari. Zazzaɓin kuwa ai na ruwan nono ne, kowace mai jego tana yi."

Na roƙe ta su koma asibitin da aka yi aikin a daren. Ta ce gobe suna, baƙi sun riga sun iso daga Arewa, a bari a wuce taro. Na ce, "Hajiya, sunan za a iya yi tana kwance a asibiti, amma ciwon nan ba zai jira a watse ba." Allah ya sa ta ji. Bayan mako biyu ta dawo ta shaida mini cewa sai da aka warware wani sashe na ɗinkin aka fitar da mugunyar da ta taru a ciki.

Kun ga wanda ya tsorata babu abin tsoro a nasa, wadda ba ta damu ba kuwa ita ce ke kan haɗari. Bambancin duka yana cikin sanin irin ruwan da rauni ke fitarwa, kuma abu ne da kowa zai iya koya a gida.

Me ya sa rauni ke fitar da ruwa?

Da zarar fata ta yanke ko ta ƙuje, jiki yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na wurin domin ya turo ruwa mai ɗauke da abinci da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki. Wannan ruwa yana wanke wurin, yana kuma hana shi bushewa, domin sabuwar fata ta fi saurin tofowa a wuri mai ɗan danshi. Don haka a kwana biyu zuwa uku na farko, ɗan ruwa da ɗan kumburi da ɗan zafi ba abin tashin hankali ba ne. Aikin gyara ne jiki ya fara.

Iri huɗu na ruwan rauni

Na farko shi ne ruwa garai-garai, marar kauri, mai ɗan launin ɗorawa, irin wanda ke cikin bororon ƙuna. Ba ya wari. Wannan na warkewa ne, shi ne na gwiwar yaron nan.

Na biyu shi ne mai ruwan hoda, kamar ruwan da aka wanke nama a ciki. Ruwan farko ne ya gauraya da ɗan jini, kuma shi aka fi gani a bandejin wanda aka yi wa aiki a kwanakin farko. Shi ma ba matsala, muddin kullum raguwa yake yi. Amma idan ɗinkin ciki ya riga ya bushe, sai kwatsam bayan kwana 5 zuwa 8 irin wannan ruwa ya ɓalle da yawa ya jiƙa zane, to yana iya zama alamar ɗinkin ciki yana shirin buɗewa. A rufe da bandeji mai tsabta, a kwantar da mai ciwon, a nufi asibiti nan take.

Na uku jini ne ja. Ana ganin sa a sabon rauni, kuma ya kamata ya tsaya idan aka danne da tsumma mai tsabta na minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko wanda ya dawo bayan kwanaki, na asibiti ne.

Na huɗu ita ce mugunya, wadda wasu ke kira diwa. Tana da kauri, ba a ganin abin da ke bayanta, launinta fari-fari ne ko ɗorawa ko ruwan ƙasa ko kore, sau da yawa kuma da wari. Tarin matattun sojojin jiki ne da ƙwayoyin cuta da ruɓaɓɓen nama. Mugunya ba ta cikin matakan warkewa, ko kaɗan ce. Idan kuka ga bandeji ya rine kore-shuɗi, akwai wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas da ke kawo wannan launi, kuma yawancin magungunan da mutane ke saya da kansu ba sa kashe ta.

Ku kwatanta yau da jiya

Kallo ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Duk lokacin da za a canja bandeji, ku duba wanda aka cire kafin a yar, ku tambayi kanku abu huɗu: Launin ya canja? Ya ƙara kauri? Ya fi na jiya yawa? Yana wari ko bayan an wanke wurin? Raunin da ke warkewa kullum ruwansa raguwa yake yi, zafinsa ma haka. Wanda ƙwayoyin cuta suka shiga kuwa, sai ya fara sauƙi, sannan wajen kwana na 4 zuwa na 7 ya juya: zogi ya dawo, ruwa ya ƙaru. Wannan juyawar ita ce babbar alama. Mai waya ya riƙa ɗaukar hoton wurin kullum a haske iri ɗaya, zai taimaka wa likita ƙwarai.

Littattafan likitanci suna cewa a duba ko gefen rauni ya yi ja. Ga mu masu baƙar fata, jan nan ba kasafai yake fitowa fili ba. Abin da za ku gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ko yana sheƙi, ko ya ɗaure. Ku wanke hannu, ku sa bayan yatsu a gefen raunin, sannan ku taɓa irin wurin a ɗaya ɓangaren jiki. Idan gefen raunin ya fi zafi, ya yi tauri, mai ciwon yana zabura, ku ɗauki biro ku zagaye iyakar kumburin. Idan washegari ya ƙetare zanen, ciwon yaɗuwa yake yi.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko rawar sanyi. Mugunya daga ɗinkin aiki. Bakin rauni ya buɗe. Kaluluwa a hantsa ko hammata, ko wani layi mai zafi da ya taso daga raunin ya bi hannu ko ƙafa. Fatar gefen ta yi baƙi, ko zogin ya fi ƙarfin girman raunin. Mafi tsanani, idan numfashi ya yi sauri, zuciya tana bugawa da sauri, fitsari ya ragu, ko mutum ya fara ruɗewa yana sambatu. Wannan yana nuna cutar ta fara taɓa jiki duka, kuma a nan kowace sa'a tana da muhimmanci.

Ga masu jego, kada a ɗora kowane zazzaɓi a kan ruwan nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki suna kamuwa da cuta a wurin aikin, kuma a Afirka adadin yana kai har kashi 20 cikin 100 a tsakanin matan da aka yi wa aikin haihuwa. Wato yana iya kai mace ɗaya cikin biyar. A likitance ana sa ido kan ɗinki har kwana 30 bayan aiki, don haka sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen lura ba. Haka nan idan jinin biƙi ya fara wari tare da ciwon mara, shi ma a koma asibiti.

Yadda za a kare rauni

Yawancin ƙwayoyin cutar da ke shiga rauni daga fata da hannu suke zuwa. Akwai wata mai suna Istafilokokus da ke zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta sa shi ciwo ba, amma idan ta samu ƙofa a fata sai ta yi ɓarna. Saboda haka a wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20 kafin a taɓa rauni da bayan an gama, kuma a daina hura wa ciwon yaro iska da baki.

Sabon rauni na gida, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta har ƙasa da tsakuwa su fita. Bayan haka a riƙa amfani da ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, ko ruwan da aka tafasa ya huce. A goge daga tsakiya zuwa waje, kada a maimaita da abin da aka riga aka goga. A rufe da bandejin da aka ciro daga ledarsa, a canja shi da zarar ya jiƙe ko ya yi datti. Auduga zalla tana manne wa rauni ta bar zare a ciki. Sifirit da haidirojin mai kumfa kuwa, yawan zuba su cikin rauni yana ƙona sabon naman da ke tofowa.

Wadda aka yi wa aikin haihuwa ta bar bandejin farko yadda ma'aikatan jinya suka sa shi har lokacin da suka ce a cire. A garuruwa masu zafi da danshi irin Legas da Fatakwal, gumi yana taruwa a ƙarƙashin ninkin ciki, daidai inda ɗinkin yake. A riƙa ɗaga wurin a hankali ana tsane shi da tsumma mai tsabta, a sa tufafin auduga marasa matsewa. Iyayenmu masu kula da jego, don Allah a ɗaga wa wadda aka yi wa aiki ƙafa: kada a watsa ruwan zafi da ganye a kan ɗinki, kada a gasa shi, kada a ɗaure ciki tamau a kansa. Ruwa mai ɗumi ya wadatar.

Abubuwan da ba a sa wa rauni

Man goge baki, baƙin mai, toka, ƙasa, kashin shanu, garin batir, da garin kafso. Na sha ganin ƙunar salansar babur da aka shafe da man goge baki ta koma gyambo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙuna ruwa mai sanyi take so, a riƙa kwarara mata na minti 20, ba ƙanƙara ba. Garin kafso yana yin ɓawo a sama ya rufe mugunya a ciki, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Mugunyar da ta taru sai an ba ta hanya ta fita, kuma likita zai iya ɗibar ta a kai ɗakin gwaji, cikin kwana biyu zuwa uku a san maganin da zai kashe cutar. Idan aka rubuta muku antibayotik, ku sha yadda aka tsara, kada ku raba da wani.

Ana yawan tambayata game da zuma. Gaskiya ne tana da amfani ga wasu raunuka, har asibitoci suna amfani da wadda aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta. Ta kasuwa ba a da tabbacin tsabtarta ko abin da aka gauraya mata, don haka kada a zuba ta a ɗinki ko rauni mai zurfi sai da shawarar likita.

Abinci, suga da rigakafi

Wasu suna hana mai rauni ƙwai da gyaɗa, wai suna kawo mugunya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, ba abinci ba. Da ƙwai da wake da kifi da nama da awara jiki ke gina sabuwar fata, lemo da gwaiba kuma suna taimakawa. Taba da shisha suna rage jinin da ke isa ga rauni.

Mai ciwon suga ya sani cewa ƙafarsa tana iya samun rauni bai ji ba, kuma tana iya ruɓewa ba tare da zafi ko zazzaɓi ba. Ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, ya daina yawo ba takalmi, kuma duk ƙanƙantar rauni ya nuna wa likita. Wanda ya taka ƙusa ko ya ji rauni mai datti kuwa, ya je a duba ko yana buƙatar allurar rigakafin tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora, musamman idan ya fi shekara 5 rabonsa da ita.

Maigida, idan uwargida ta dawo daga asibiti da ɗinki, kai ma ka riƙa tambayar yadda bandejin yau yake, kada hidimar suna ta ɗauke hankalin kowa daga kanta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya abin da aka haifa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.