Gasar Zari-Ruga ta Duniya ta 2019 a Japan

Zari-ruga wasa ne da 'yan wasa 15 a kowane ɓangare suke yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, inda ake rungumar ta a ruga da gudu, ana miƙa wa abokin wasa ta baya kawai, har a dangwala ta bayan layin abokan hamayya a samu maki 5. Duk wanda ya saba kallon kokawa zai gane turereniyar da ƙarti takwas-takwas suke yi, kafaɗa da kafaɗa, domin ƙwato ƙwallo.

Gasar duniya ta 2019, wadda ƙasashe 20 suka fafata a cikinta daga 20 ga Satumba zuwa 2 ga Nuwamba, ita ce ta farko a nahiyar Asiya, kuma mai masaukin baƙi ta ba da mamaki da ta doke Ireland da Scotland. Afirka ta Kudu ta fara da ƙafar hagu, domin New Zealand ta doke ta 23 da 13, amma ta farfaɗo har ta lallasa Ingila 32 da 12 a wasan ƙarshe a Yokohama. Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya jagoranci tawagar Afirka ta Kudu, shi ya ɗaga kofin, yayin da Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya buga wa Ingila.