Garwa da Arewacin Kamaru: Mulkin Mallaka da Wuraren Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga Yola ya nufi Garwa zai tarar da Fulatanci iri ɗaya, da sarauta iri ɗaya, da kogi ɗaya, wato Binuwai. Sai dai kafin ya isa dole ya canza kuɗi, ya kuma ji ma'aikacin kan iyaka yana yi masa Faransanci. Wannan takarda za ta duba yadda aka yi haka ta faru, sannan ta nuna cewa yawancin abubuwan da ake kai baƙi su gani a wannan yanki a yau, ko dai Turawan mulkin mallaka ne suka kafa su, ko kuwa sun bar su ne da gangan saboda amfanin mulkinsu.

Garwa ita ce hedikwatar Jihar Arewa ta Kamaru, wadda faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 66,000. Kafin 1983 lardi ɗaya ne da Marwa da Ngaundere, sai aka raba shi gida uku.

Yadda aka raba Adamawa

A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa masarautar da Fulani ke kira Fombina, wato kudu. Ya zauna a Yola a 1841. Ƙarƙashin Yola kuwa akwai lamiɗai da yawa, irin su na Garwa da Marwa da Ngaundere da Tibati da Rai Buba. Fatake Hausawa daga Kano da Katsina sun bi wannan hanya suna sayen hauren giwa da goro da bayi, kuma zuriyarsu ce ke zaune a unguwannin Hausawa na waɗannan garuruwa.

A 1884 Jamus ta kafa tutarta a bakin teku, a Duwala. A lokacin babu wani Bajamushe da ke mulkin ko ƙauye ɗaya a arewa. Duk da haka a 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a kan taswira, suka bar birnin Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar da Yola ke mulka kuma ta faɗa rabon Jamus. Wato an raba kai da gangar jiki ke nan. Abin lura shi ne, an yi wannan rabo tun Lamiɗo Zubairu yana kan gadonsa, ba tare da an nemi jin ta bakinsa ba.

Yaƙin ya biyo baya ne. Ingilishi suka ci Yola a watan Satumba na 1901, Zubairu ya fice ya nufi gabas yana tara jama'a. Jamusawa suka kara da shi a Garwa a ƙarshen wannan shekara, suka sake karya rundunarsa kusa da Marwa a watan Janairu na 1902, ƙarƙashin jagorancin Hans Dominik. Dawaki da masu ba su iya yin komai a gaban bindiga mai aman harsashi ba. An kashe Zubairu a 1903.

Jamusawa ba su da ma'aikata isassu, don haka suka ajiye razdan a Garwa, suka bar lamiɗai suna karɓar haraji suna yin shari'a. Wannan ya yi kama da abin da Lugga ya yi a Arewacin Nijeriya. Wani sakamakonsa kuwa shi ne, an ƙara wa wasu lamiɗai iko a kan ƙabilun kan duwatsu waɗanda a da ba su taɓa yi musu biyayya sosai ba.

Mulkin Jamus bai daɗe ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sojojin Ingila daga Yola suka kai wa Garwa hari a watan Agusta na 1914, aka kore su da asara mai yawa. Sai a watan Yuni na 1915 garin ya faɗa hannun rundunar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa. A kan dutsen Mora kuwa, Kyaftin von Raben ya ƙi miƙa wuya har zuwa Fabrairun 1916, shi ne na ƙarshe a duk Kamaru. Daga nan Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila ta ɗauki wani ɗan siririn yanki a gefen Nijeriya. Ɓangaren Faransa ya sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, da Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, a matsayin shugaba. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, arewacin ɓangaren Ingila ya zaɓi Nijeriya. Shi ne ya zama Lardin Sardauna, inda Mubi take.

Abin da baƙo ke zuwa gani

Babban abin da ke jawo baƙi shi ne namun daji. Jihar na da manyan gandaye uku: Binuwai mai murabba'in kilomita 1,800, da Buba Njidda mai 2,200, da Faro mai 3,300. Faransawa ne suka fara keɓe su, na Binuwai tun 1932, gwamnatin Ahijo kuma ta ɗaga darajar biyun farko a 1968, na Faro a 1980. Akwai zaki da ɓauna da dorina da gwanki da raƙumin dawa, kuma an fi ganinsu da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin ruwa. A kewayen gandayen akwai yankunan farauta da ake bayarwa haya, inda attajirai daga Turai da Amurka ke biyan kuɗi masu yawa su harbi dabba. Idan aka haɗa su duka sun ci fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙasar jihar. A nan ne matsalar take, domin manomi da makiyayi da mai haƙar zinariya duk suna kallon wannan fili, dokar da ta hana su shiga kuwa asalinta ta Bature ce. Makarantar koyon kula da namun daji da aka buɗe a Garwa a 1970 ta horar da ma'aikata daga ƙasashe da yawa masu amfani da Faransanci, amma hakan bai hana asara ba. A arewacin Kamaru ne aka yi wa baƙin karkanda na yammacin Afirka ganin ƙarshe, kuma a 2011 aka bayyana cewa ya ƙare. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da bindigogi suka ƙetaro iyaka suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda.

Sunan wannan gandu ma na wanda ya kafa masarautar Rai Buba ne. Fadar lamiɗon, mai doguwar katangar ƙasa, tana cikin wuraren da aka fi ziyarta, musamman ranar hawan salla. Ba don Jamus da Faransa sun ga amfanin barin Rai Buba da ikonta ba, da wuya wannan fada ta kai yau da irin kwarjinin da take da shi.

Akwai kuma tafkin Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa, wanda ya samu bayan da 'yan Sin suka gina madatsar ruwa tsakanin 1977 da 1982. Masunta Hausawa da wasu ƙabilu daga Nijeriya da Chadi sun kafa ƙauyuka a bakinsa. Ɗalibin Nijeriya ya san sunan Lagdo ta wata fuska dabam, domin sakin ruwanta na cikin abubuwan da aka danganta da ambaliyar 2012 da ta 2022.

Can arewa, a jihar da Marwa ke shugabanta, akwai tsaunukan Rumsiki masu tsini a ƙasar Kapsiki, waɗanda 'yan'uwansu a ɓangaren Nijeriya su ne Higi na Michika, da kuma gandun Waza. Nan ne baƙi suka fi zuwa a da. Amma tun da 'yan Boko Haram suka sace wasu iyalin Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013, harkar ta durƙushe, masu otal da 'yan jagora da masu sayar da kayan fata a kasuwar Marwa suka rasa ciniki. Garwa ta ɗan farfaɗo a 2022, lokacin da filin wasa na Rumde Ajiya ya karɓi wasu wasannin gasar cin kofin Afirka. A nan ne Nijeriya ta buga wasanninta, kuma magoya baya da yawa sun zo daga Nijeriya.