Ko Ka San Tsutsar Da Ke Saƙa Zaren Rigar Sarki?

Duk wanda ya taɓa ƙare wa tsohuwar babbar riga ta sarauta kallo, irin ta aikin hannu, ya ga wani zare a ƙirjinta mai launin ƙasa-ƙasa ko fari-fari, wanda ba ya ƙyalli sosai amma yana da ƙarko. Wannan zaren shi ne tsamiya. Ba auduga ba ce, ba kuma daga kanti ya fito ba. Wata tsutsar daji ce take saƙa shi a kan itatuwan tsamiya da doka, irin waɗanda manomin Shanga ko Ngaski ke bi ta ƙarƙashinsu in zai tafi gona.

Masana kimiyya suna kiran dangin wannan tsutsa Anaphe, kuma a Afirka ake samunsu. Uwarsu faɗa-wuta ce mai fararen fukafukai da ratsin ruwan ƙasa. Da damina takan zuba ƙwai a dunƙule a bayan ganye, ta lulluɓe su da gashin jikinta. In sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba sa rabuwa. Tare suke cin ganye, tare suke hutawa a jikin itace, in kuma za su sake wuri sai su jeru ɗaya na bin ɗaya kamar ayarin fatake. Kowane iri da itacen da yake so. Wani ganyen tsamiya yake ci, wani kuma na doka. Irin na doka, wanda zarensa ya fi fari, Turawa sun laƙaba masa sunan Alfred Moloney, Gwamnan Legas daga 1886 zuwa 1891.

Abin mamakin yana zuwa ne bayan sun ƙoshi. Tsutsar siliki ta ƙasar Sin, wadda mutane suka shafe kusan shekara 5,000 suna kiwonta, kowace ɗaya ita kaɗai take naɗe kanta da zare guda, mai tsawon mita 300 zuwa 900. Tamu kuwa aikin gayya take yi. Gomomi, wani lokaci ɗaruruwa, sukan taru wuri guda su yi ta fitar da zare daga bakinsu. A yawancin ire-irensu, sai sun fara saƙa babbar jaka mai kauri da ta rufe su duka, sannan kowace ta shiga ciki ta saƙa nata ɗan ɗakin. Nan za su kwanta har rani ya wuce. Idan ruwa ya sauka, sai su fito da fukafukai, su bar gidan a rataye.

Wannan gidan shi ne hajar. Amma ba a ɗaukarsa da garaje, domin gashin jikin tsutsar yana maƙale a ciki, kuma yana sa ƙaiƙayi mai tsanani. Ga shi kuma zaren yana manne da wani danƙo da tsutsar ke fitarwa tare da shi. Saboda haka mata sukan tafasa shi sa'o'i da yawa cikin ruwan toka har danƙon ya saki, su wanke, su shanya, su tsettsefe shi da hannu, sannan su kaɗa shi da mazari yadda ake kaɗin auduga. Ba a warware shi sili ɗaya kamar na Sin, domin tsutsotsi da yawa ne suka harɗa shi. Wahalar da ke cikin wannan aikin ita ta sa tsamiya take da tsada tun zamanin da.

Daga hannun mai kaɗi zaren yakan bi hanya biyu. Ko dai masaƙi ya sa shi cikin ƙyallen da za a ɗinka rigar tsamiya, ko kuma ya faɗa hannun mai aikin allura. Kafin allura ta taɓa riga, akwai mai zane, wanda sau da yawa malamin allo ne. Shi zai ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, ya zana tambari, sannan maɗinki ya bi layin da zare, aikin da kan ci watanni. Kano da Zariya da Bida sun yi suna a wannan sana'a, kuma wani malami a Jami'ar Ahmadu Bello, David Heathcote, ya yi digirinsa na uku a kanta a 1979. Yarbawa ma suna saƙa irin wannan zare su yi sanyan, ɗaya daga cikin manyan tufafinsu na biki. Akwai kuma alharini, jan silikin da a da ake kawowa Kano ta hamada daga Tarabulus, wanda matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana cinikinsa a 1851. Alharini baƙo ne. Tsamiya ce 'yar gida.

Ko ka san Indiya ma tana da tata tsutsar dajin? Sunan silikinta tasar, ganyen itatuwan daji take ci, kuma jihar Jharkhand ce kan gaba wajen samar da shi. A jihar Odisha, kusa da birnin Puri, akwai ƙauyen Raghurajpur, inda kusan kowane gida ke yin wani zane a kan ƙyalle da suke kira patacitra. Suna zana labaran addinin Hindu ne: Jagannat, wanda babban ɗakin bautarsa ke Puri, da Kirishna, da labarin Ramayana. Wani zanen a kan silikin tasar ake yinsa. Na asali kuwa a kan auduga ne, kuma a nan ma itacen tsamiya ya shigo. Sukan jiƙa ƙwallon tsamiya, su niƙa, su dafa ya zama danƙo, su manne ƙyalle biyu da shi, su shafe da garin farar ƙasa, su goge da dutse har ya yi santsi. Farin launi daga ƙwanson dodon koɗin teku suke samunsa, baƙi kuma daga hayaƙin fitila. Su siffofin abin bautarsu suke zanawa da buroshi. Mai zanen rigarmu layuka da da'irori yake fitarwa, allura ta cike. Amma duka biyun daji ne ke ba su wasu daga cikin kayan aikinsu.

Inda aka rabu shi ne wajen kula. Indiya ta kafa hukumar siliki ta ƙasa tun 1948, kuma a yau ita ce ta biyu a duniya wajen samar da siliki, bayan Sin. Mutanen karkara can suna dasa itatuwa musamman don tsutsar, su tsare ta daga tsuntsaye. A Kenya ma cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi aiki da manoman gefen dajin Kakamega kan kiwon Anaphe, inda ake lulluɓe rassan da tsutsotsin ke kai da raga. Mu a nan, zaren kanti da keken surfani sun karɓe yawancin kasuwa, gatarin masu gawayi da wutar daji kuma suna cin itatuwan.

Akwai gargaɗi guda. A ƙasar Ijesha da ke kudu maso yammacin Najeriya ana cin wani irin wannan tsutsa da damina, kuma an daɗe ana ganin wata cuta ta karkarwa da tangaɗi a daidai wannan lokaci. A shekarun 1990 likitoci suka danganta ta da cin tsutsar, daga baya aka gano tana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1 a jiki, wanda dahuwa ba ta kashe shi da sauƙi.

Ga kuma abin da ya fi kamata a riƙe. Tun da kaɗa zaren tsamiya ake yi, ramukan da faɗa-wuta ta huda ta fita ba sa ɓata shi. Ashe ba dole ba ne a kashe tsutsar kafin a ci moriyarta, saɓanin ta Sin da akan turara tana cikin ɗakinta. Daga dazukan doka na wajajen Zugurma da Borgu har zuwa tsamiyoyin gonakin Yawuri da Shanga, abincinta yana nan tsaye. Don haka in ka ga jakarta a rataye a reshe, kada ka ƙone ta, kada kuma ka cire ta da masu gida a ciki. Ka jira su tashi, ka ɗauke da tsumma a hannu, ka bar itacen domin na baɗi.